Fastocin Bango na 'Yan Sikawut na Yahudawa: Laccar da Aka Naɗa

Jama'a, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? To, madalla.

Ku dubi tambarin da na haska a bango: furen 'yan sikawut a cikin tauraro mai tsini 6, da rubutun Ibrananci. Na Hashomer Hatzair ne, ƙungiyar matasan da aka kafa a 1913 a yankin Galisiya, lokacin yana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Kafin ita akwai Blau-Weiss a Jamus, 1912. A 1923 Ze'ev Jabotinsky ya kafa Betar a birnin Riga, shekarar da Robert Gamzon ya kafa ta Yahudawan Faransa.

Me ya sa fastocinsu suka yi wuyar samu? Tun farko ba don ajiya aka buga su ba. Takarda ce mai arha, a shafa mata gam, a manna a bango don sanar da taro ko sansanin hutu, bayan mako guda ruwa ya cinye ta. Sai kuma Yaƙin Duniya na Biyu. Yahudawan Folan sun haura miliyan 3 a 1939, 'yan Nazi suka hallaka kusan kashi 90 cikin 100. Mordechai Anielewicz, wanda ya jagoranci boren unguwar Yahudawa ta Warso a 1943, ɗan Hashomer Hatzair ne. Wa zai tsaya tattara takardar bango a irin wannan hali?

Shi ya sa ni, in fasta ta zo hannuna, ba zanen nake fara kallo ba. Can ƙasa nake duba, inda aka sa sunan maɗaba'a da garin da 'yan ƙananan haruffa. Wani lokaci layin nan kaɗai ke shaida cewa ƙungiyar ta taɓa yin reshe a garin. Harshen ma magana ne: Yidish, Ibrananci ko Folanci, kowanne da waɗanda ake kira da shi.

Jabu fa? Akwai su a kasuwar gwanjo. Ku ɗora gilashin ƙara girma. Tsohon bugun dutse, wato wanda ake zane a kan dutse a buga a takarda, launinsa shimfiɗe yake, na zamani kuwa za ku ga ɗigo-ɗigo a jere. In kuna shakka, ku gwada da abin da ke YIVO, cibiyar binciken tarihin Yahudawa a New York, ko Yad Yaari, taskar tarihin Hashomer Hatzair a Givat Haviva ta Isra'ila.

Kuma don Allah, kada wanda ya liƙe yagewa da salatif. Na ga fastar da ta tsallake yaƙi, salatif ya bar mata tabo ruwan ƙasa.

Malam na gaba, na ga hannunka. Bismillah.