Sharhi: Wanda Aka Nuna Da Yatsa A Uganda

Jama'a masu sauraro, a watan Oktoban 2010 wata ƙaramar jarida a Kampala mai suna Rolling Stone ta buga sunaye da hotuna da unguwannin mutum 100 da ta ce 'yan luwaɗi ne, ta kuma rubuta a shafin farko cewa a rataye su. Cikinsu har da David Kato, malamin makaranta mai fafutukar kare masu neman jinsi. Ya maka jaridar a kotu, ya yi nasara a farkon Janairun 2011. Ranar 26 ga watan aka rotsa masa kai da guduma a gidansa da ke Mukono. 'Yan sanda sun ce rigima ce tsakaninsa da wanda ya kashe shi, kotu ta ɗaure mutumin shekara 30. A wurin jana'iza limamin coci ya ɓuge da la'antar 'yan luwaɗi a kan gawar, sai abokan mamacin ne suka ɗauki akwatin zuwa kabari.

Gwamnatin da ya kamata ta kashe wannan wuta, ita ta ƙara mata makamashi. A Fabrairun 2014 Shugaba Yoweri Museveni ya sa hannu a dokar hana luwaɗi, washegari jaridar Red Pepper ta fito da sunaye 200. Kotun tsarin mulki ta soke dokar a watan Agusta saboda 'yan majalisar da suka zartar da ita ba su kai adadin da ake buƙata ba. A Mayun 2023 aka dawo da wadda ta fi ta tsanani: kisa a wasu laifukan, ɗaurin shekara 20 ga wanda aka ce yana tallata luwaɗi. Dokar ta wajabta kai rahoton wanda ake zargi, ta tanadi hukunci ga mai gidan da ya ba shi haya. Kafin kotu ta cire waɗannan sassa a Afrilun 2024, an riga an watso wa mutane da dama kayansu waje, an lakaɗa wa wasu duka, wasu marasa lafiya sun daina zuwa asibiti karɓar magani don tsoro.

Mun ga irinsa a gida. Makonni kaɗan bayan Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014, gungun matasa sun bi gida-gida da tsakar dare a Gishiri da ke Abuja, suna jawo maza daga ɗakunansu suna jibgarsu da sanduna, wai suna tsarkake unguwa.

Na san akasarinmu addini ya haramta mana wannan ɗabi'a, kuma ba fatawa na zo canzawa ba. Amma addinin nan ne ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, ya tsananta sharuɗɗan shaida, ya bar hukunci a hannun alƙali. Taron da ya ɗauki gora ba ya neman shaida. Maƙwabci mai ƙullin gaba, ko mai neman kuɗin toshiyar baki, ya isa ya ce wane ɗan luwaɗi ne, shi ke nan an gama da shi, ko da ƙarya ce.

Mu 'yan Arewa mun ɗanɗani wannan a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025, inda 'yan banga suka tare mafarauta masu komawa Kano, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka ƙone 16 ba tare da an kai su gaban kowa ba. Mun yi kuka mun nemi a hukunta makasan, kuma muna da gaskiya. Wannan buƙata ce nake ɗora wa gwamnatocin Kampala da Abuja: duk wanda ya fasa ƙofar wani ya dake shi bisa zargin luwaɗi, a kama shi a gurfanar da shi, kuma ɗan sandan da aka kai wa mutum jina-jina ya fara kai shi asibiti.