Ciwon tsakiyar kunne a yara: abin da ke faruwa a bayan dodon kunne

Yaro ya kwana uku yana mura, sai cikin dare ya farka da ihu, yana jan kunnensa, jiki ya yi zafi zau, in an ba shi nono ya kama ya saki. Sau da yawa ciwon tsakiyar kunne ke nan.

A bayan dodon kunne akwai ɗan sarari mai iska, kuma wata siririyar kafa ce ta haɗa shi da bayan hanci. Ta nan iska ke shiga, ruwa ke tsiyayewa. A jikin babba kafar doguwa ce, a gangare take. A jikin ƙaramin yaro gajera ce, kusan a kwance. Da mura ta kumbura ta sai ta toshe, ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, mugunya ta riƙa danna dodon kunne daga ciki. Shi ya sa ciwon ya fi kama 'yan wata 6 zuwa shekara 2.

A fara da rage masa raɗaɗi. Ana ba da paracetamol gwargwadon nauyi: miligiram 15 a kowane kilo, duk awa 6. Yaro mai kilo 8 zai sha miligiram 120, wato mililita 5 na sirop ɗin da aka rubuta 120mg/5ml a kwalbarsa. Daga nan a kai shi asibiti a haska kunnen. In an rubuta amoxicillin, a cika kwanakin da aka faɗa, ko da yaron ya warware a rana ta biyu.

Inda iyaye suka fi ruɗuwa shi ne ranar da mugunya ta fara zubowa, yaro ya daina kuka. Ba warkewa ba ce, dodon kunne ne ya huje. Yanzu ƙofa a buɗe take, duk abin da aka zuba zai wuce ciki kai tsaye. Don Allah kada a ɗiga manja, ruwan albasa ko man zaitun, kada a sa gashin kaza ko tsinken ashana.

Busar da kunnen ake yi. A nannaɗe tsaftataccen ƙyalle mai tsotse ruwa kamar lagwani, a sa a bakin kunnen a hankali, in ya jiƙe a cire a sa sabo, har sai ya fito a bushe. Sau 3 a rana. Wajen wanka a kula kada ruwa ya shiga. Idan zubar ta kai kwana 14, ciwon ya zama daɗaɗɗe, yana buƙatar maganin ɗigo irin su ciprofloxacin daga asibiti, kuma sai an busar da kunnen kafin a ɗiga. Sakaci a nan yana rage ji, yaron da ba ya ji sosai kuwa maganarsa takan yi jinkiri.

Kumburi mai zafi a ƙashin bayan kunne, sanƙarewar wuya, jijjiga ko yawan barci: a garzaya asibiti a daren, domin cutar na iya kaiwa ga sanƙarau.

Nonon uwa zalla na wata 6 yana rage kamuwa, haka nisanta jariri daga hayaƙin murhu da na taba. Rigakafi ma yana taimakawa. A Najeriya, allurar rigakafin PCV (ta ƙwayoyin cutar nimoniya, waɗanda kan jawo ciwon kunne) da Penta (mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar) ana yin su a mako na 6, na 10 da na 14; a duba katin yaron a ga ko ukun sun cika.