Fararen ɗigo a hoton ƙwaƙwalwa: gigin tsufa ne ya fara?

[Hoton MRI, an zagaye fararen ɗigo da jan layi]

Ga hoton da ke ɗaga wa mutane hankali. An kai dattijo asibiti saboda jiri, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, takarda ta fito tana cewa an ga sauye-sauye a farin sashe. Kafin a koma wurin likita, takardar ta zaga zauren WhatsApp na dangi, har an yanke hukunci: Baba ya kamu da ciwon mantuwa. A dakata tukuna.

Ku dubi wannan yanki. Gefen waje ruwan toka ne, nan ƙwayoyin da ke aikin tunani suke. Na ciki fari ne, wayoyi ne zalla masu kai saƙo daga sashe zuwa sashe. Kowace waya tana naɗe da wani kitse mai suna mayalin, kamar robar jikin wayar lantarki, kuma kitsen nan ne ya ba wurin launin fari.

Ɗaukar hoton ba wuya. A cire duk wani ƙarfe, mai na'urar daidaita bugun zuciya ya faɗa tun kafin a shiga ɗakin, a kwanta minti 20 zuwa 40 cikin ƙara kamar ta injin niƙa. Kai ya motsa, hoto ya dusashe.

[Hotuna biyu gefe da gefe]

To, ga inda ake kuskuren. MRI ba ta ganin tunani, ba ta ganin mantuwa. Ruwan da ke cikin nama take bi. Akwai salon ɗauka da ake kira FLAIR, wanda ke kashe hasken ruwan da ke cikin ramukan ƙwaƙwalwa. Ku kalli tsakiyar nan, ya zama baƙi ƙirin. Da an yi haka, duk wurin da ruwa ya yi yawa a cikin naman kansa sai ya haska. Farin ɗigon da kuke gani ke nan: wuri ne da mayalin ya sirance, ruwa ya ƙaru. Abin dariya ma, a wannan salon farin sashe mai lafiya duhu-duhu yake fitowa, mai rauni ne ke yin fari. A hoton CT kuwa, wato wani nau'in hoton cikin jiki na daban, wurin nan duhu zai yi.

Me ke kawo shi? Galibi ƙananan jijiyoyin jini. Siraran jijiyoyi ne ke ratsowa daga saman ƙwaƙwalwa zuwa can ciki, kuma wurin da suke shayarwa ba shi da wata hanyar ta biyu. Duk wanda gidansa ke ƙarshen layin famfo ya san wa ruwa ke fara yanke wa. Hawan jini na shekara da shekaru yana kaurara bangon jijiyoyin, hanyar ta ƙuntata. Ciwon suga da taba sigari su ƙara nasu, tsufa kansa ya ƙara.

A birnin Rotterdam na ƙasar Holan an ɗauki hoton mutane sama da 1,000 masu shekara 60 zuwa 90, aka wallafa sakamakon a 2001. Kashi 5 cikin ɗari kacal ne ba su da ɗigon ko kaɗan. Da ɗigo ne ciwon mantuwa, da kusan duk wani mai furfura ya manta hanyar gidansa.

Shi ya sa likita ba ya tsayawa a kan akwai ko babu, yawan yake dubawa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi na Franz Fazekas ne, likita ɗan Ostiriya, tun 1987. Mataki na 0, babu komai. Na 1, ɗigo-ɗigo a warwatse, kamar an watsa gero. Ga mai shekaru wannan ba abin mamaki ba ne. Na 2, sun fara haɗewa. Na 3, sun game sun zama faffaɗan fili. Wannan na ƙarshen ba a ɗaukarsa a matsayin tsufa kawai, ko shekarun mutum nawa.

Idan ya yi yawa haka, ba mantuwa ce ke fara bayyana ba. Tunani ne ke yin nauyi, tsara aiki ya gagara, tafiya ta koma jan ƙafa, fitsari ya riƙa kufcewa, mutum ya daina damuwa da abin da ya saba so. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa, na ciwon mantuwa ma kusan ninki biyu. Haɗari dai, ba tabbaci ba.

[Hoton hifokamfas, lafiyayye da motsattse]

Cutar Alzheimer kuwa, wadda nau'i ce ta ciwon mantuwa, a nan ne take fara cin mutum, wato hifokamfas, wannan ɗan lanƙwasasshen sashe mai ajiye sabon abu, kuma motsewarsa ake nema. Tsofaffi da yawa suna ɗauke da biyun a haɗe, ɗigon da kuma Alzheimer.

Hukuncin ciwon mantuwa daga bakin iyali yake farawa: yaushe ya soma, me Baba ya daina iyawa, lissafin kuɗi ko hanyar masallaci. Sai gwajin tambayoyi mai maki 30, sai gwajin jini, domin ƙarancin bitamin B12 da raunin aikin tayirod, wata halitta da ke gaban wuya, suna kwaikwayon mantuwa, kuma suna da magani. Matashi mai ɗigo kuwa maganarsa daban ce: a wurinmu a fara tunanin sikila, wadda ke toshe ƙananan jijiyoyi ba tare da alama ba, sai ciwon kai na ɓari ɗaya.

Ɗigon da ya fito ba kasafai yake gogewa ba, amma ana rage saurin yaɗuwarsa. A binciken SPRINT MIND na Amurka, 2019, waɗanda aka nufi saukar da lambar sama ta awon hawan jininsu ƙasa da 120 ɗigonsu bai ƙaru kamar na waɗanda aka nufi ƙasa da 140 ba. Kada dai kowa ya ƙara wa tsoho magani da kansa, jini ya faɗi da yawa shi ma jiri da faɗuwa yake kawowa.

Ranar komawa asibiti, a tafi da faifan hoton, ba wanda aka ɗauka da waya ba, a haɗa da tsohon hoto in akwai. A tambayi likita matakin Fazekas nawa ne, sannan a tambaye shi yaya hifokamfas yake.