Sharhi: Waƙa ta zama hajar kakar zaɓe

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya kunna rediyo ko ya leƙa wayarsa idan zaɓe ya ƙarato zai tarar waƙoƙin siyasa sun cika ko'ina, kuma kusan dukansu magana ɗaya suke maimaitawa: wane gwarzo ne, abokin hamayyarsa kuwa azzalumi. Abin takaicin shi ne, sau da yawa mawaƙin da ya yi wa mutum zambo a zaɓen 2019 shi ne ya dawo yana yi masa kirari a 2023, alhali mutumin bai sauya hali ba, kuɗin da ya miƙa ne kawai ya ƙaru.

A ƙasar Hausa kiɗa da waƙa sana'a ce mai aiki a cikin al'umma. Gangar noma ita ce ke zaburar da samari a wajen gayya, kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, kotso da taushi kuwa na fada ne. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya waƙe karen mota da sauran talakawan da babu mai kula da su. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, marubuta waƙa irin su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin sun yi amfani da baitukansu wajen farkar da talaka, a lokacin da yin hakan ke jawo wa mutum fushin hukuma, ba kyautar mota ba.

Wasu za su ce ai dama mawaƙi maroƙi ne, tun fil azal yabo yake yi a ba shi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, an san ubangidansa, kuma makaɗin fada yakan tsufa a gida ɗaya, yana tuna wa sarki kakanninsa da nauyin da ya gada, har ya yi masa habaici idan ya kauce. Mawaƙin da ke sauya ubangida duk bayan shekara huɗu, wa zai iya yi wa habaici? Bakin da aka saya ba ya faɗa wa mai sayensa gaskiya, kuma wannan ita ce asarar da muka yi.

Shin laifin mawaƙan ne kaɗai? Ina shakka, domin matashin da satar fasaha ta hana shi cin gumin waƙarsa dole ya nemi mai biya. Amma gidajen rediyo da ke sayar da sa'o'insu ga waƙoƙin zagi, suna kuma rufe ƙofa ga wanda ya waƙe tsadar taki da rashin tsaro a ƙauyukan Zamfara da Katsina, su ma su amsa wa masu sauraro wannan tambaya kafin zaɓen 2027.