Darasin Nahawun Turanci: Sunan Zahiri da Ɓoyayyen Suna

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a darasin nahawun Turanci. Yau za mu tsaya a kan sunaye iri biyu da ake kira concrete noun da abstract noun, waɗanda a nan za mu riƙa kira sunan zahiri da ɓoyayyen suna.

Akwai ma'aunin da yawancinmu muka haddace tun muna firamare, wai duk abin da ido yake gani sunansa na zahiri ne, wanda ido ba ya gani kuwa ɓoyayye ne. A ganina wannan ma'auni da sauran gyara. Ku ɗauki kalmar air, wato iska, wadda babu wanda ya taɓa ganinta da idonsa, amma duk wanda ya fito da asuba cikin hunturu ba tare da rigar sanyi ba, fatar jikinsa za ta shaida masa cewa iska abu ce ta zahiri. Haka noise, kunne ne yake kama ta, smell kuma hanci. Saboda haka abin dubawa shi ne ko ido, ko kunne, ko hanci, ko harshe, ko fata za su iya riskar abin. Idan babu ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da ke riskarsa sai dai hankali da zuciya, kamar honesty, patience, freedom da fear, to sunan ɓoyayye ne. Za ka iya ganin ɗalibi a ɗakin jarrabawa hannunsa yana karkarwa, gumi ya jiƙa masa riga. Kalmomin hand da sweat da shirt duk na zahiri ne, amma fear ɗin da ya jawo wannan hali alamarsa kawai ka gani.

Ta fuskar aiki a cikin jimla babu abin da ya raba su. Inda aka ce "The driver saved us" ana iya cewa "Patience saved us", kuma sifar da ta zo a "a strong rope" ita ce take zuwa a "strong faith".

Ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa kalma a ƙarshenta, yana taimakawa wajen gane ɓoyayyen suna, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin mu ma daga yaro muke samun yarinta, daga aboki abota, daga bawa bauta. Turanci ma daga child yake fitar da childhood, daga friend friendship, daga kind kindness, daga move movement. Sai dai kada a dogara da ƙarshen kalma kaɗai, tunda equipment da apartment sun ƙare kamar movement, alhali abubuwa ne da ake taɓawa.

Yanzu ga wani wuri da ɗalibai kan yi asarar maki, musamman a rubutun insha'i na WAEC da NECO. Sunaye ɓoyayyu da dama ba sa ƙirguwa a Turanci, don haka ba sa ɗaukar a ko an, ba su kuma da jam'i. Mu a Hausa muna cewa shawara da shawarwari, bayani da bayanai, shi ya sa hannu yake saurin rubuta advices da informations, waɗanda duk kuskure ne. Wanda yake nufin shawara guda sai ya ce "a piece of advice", mai nufin da yawa kuma ya ce "some advice". To amma kada wani ya ɗauka cewa kowane ɓoyayyen suna haka yake, domin idea da problem da hour ɓoyayyu ne, kuma ana cewa "two ideas" da "three hours" lafiya lau. A ɗaya ɓangaren kuma rice da furniture da luggage na zahiri ne, amma ba a ƙara musu s. Ke nan tambayar ko suna yana ƙirguwa daban take da tambayar ko ɓoyayye ne, kowace sai an yi ta ita kaɗai.

Kalmar the ma tana da nata sharaɗi. Idan ana maganar gaskiya gaba ɗayanta sai a ce "Honesty is rare", babu the. Idan kuwa gaskiyar wani takamaiman mutum ake nufi, sai a ce "The honesty of that trader surprised me".

Akwai kuma kalmomin da suke shiga gida biyu, jimla ce take nuna inda suka kwana. A cikin "He spent his youth in Kano", youth na nufin ƙuruciya, ɓoyayye ke nan. A cikin "A youth knocked at the door" kuwa saurayi ne mai jini da tsoka yake ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya ɗauki kalmar beauty ya gina jimla biyu da ita, ɗaya tana nufin kyau, ɗaya tana nufin kyakkyawar mace, sannan ya lura da wadda ta karɓi kalmar "a" a gabanta.