Yadda Ake Tayar da Kulob ɗin Besbol da Ya Durƙushe: Abin da Ya Faru a Houston Astros

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka. Na san yawancin waɗanda ke zauren nan 'yan ƙwallon ƙafa ne, don haka sai na fara cire muku wani abu daga rai kafin mu fahimci juna. Besbol dai wasa ne da mai jifa ke jefo ƙwallo, mai bugu na ɗaya ɓangaren ya yi ƙoƙarin buge ta da sanda. A babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, babu faɗawa rukunin 'yan dagaji. Kulob 30 ne, kowanne yana buga wasa 162 a kaka, kuma ko kai ne na ƙarshe, baɗi ma kana nan daram. Har tukuici kake samu, domin a zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi kowace shekara, wanda suke kira diraf, waɗanda suka fi shan kashi galibi su ake fara ba wa dama su ɗauki yaran da suka fi kowa. Wannan ya sa a can ana iya rushe kulob da gangan a sake gina shi.

Houston Astros ta jihar Texas ita ce misalin da kowa ke kawowa. A 2011 an doke su sau 106, a 2012 sau 107, a 2013 sau 111, kuma wasa 15 na ƙarshen wannan kakar duk kashi suka sha a jere. Shekara huɗu bayan haka, a 2017, suka ci wasa 101, suka ɗauki kofin World Series a hannun Los Angeles Dodgers. Mutane sukan taƙaita labarin su ce ai faɗuwa suka yi da gangan, suka kwashi yara masu kyau, shi ke nan. Ni kuwa abin da nake so ku fita da shi yau shi ne faɗuwar ce ɓangare mafi sauƙi, kowane sakarai zai iya ta. Aikin yana can ƙasa, a ƙananan kulob inda ake renon yaran.

Matakin farko dai sayar da manya ne. Ɗan wasa mai shekara 29 ko 30 da kwantiraginsa ya kusa ƙarewa ba zai kai lokacin da kulob zai farfaɗo ba, sai a ba da shi ga masu neman kofi a bana, a karɓi yara uku ko huɗu. Kasuwar nan takan fi zafi a ƙarshen watan Yuli, dab da rufe musayar 'yan wasa. Haka Astros ta rabu da Hunter Pence da Michael Bourn a 2011, sannan Carlos Lee da Wandy Rodríguez a 2012. Jim Crane ya sayi kulob ɗin a ƙarshen 2011, ya ɗauko Jeff Luhnow daga St. Louis Cardinals ya ba shi ragama. Zuwa 2013 albashin duka 'yan wasansu bai kai dala miliyan 30 ba, mafi ƙanƙanta a gasar. Wannan ɓangaren ba sai na daɗe a kansa ba.

Mu zo kan diraf. Sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, Astros ce ta yi zaɓin farko a duk faɗin ƙasar. Ku saurari yadda ukun suka kaya.

A 2012 sun ɗauki Carlos Correa, yaro ɗan shekara 17 daga Puerto Rico. Akwai dabara a ciki. Hukumar gasar tana ware wa kowane gurbi kuɗin sa hannu, a tara su su zama asusu ɗaya da kulob ba zai zarce ba sai da tara. Gurbin farko a shekarar dala miliyan 7.2 ne, Correa ya amince da miliyan 4.8. Rarar da aka samu da ita aka shawo kan Lance McCullers, wanda aka ɗauka a gurbi na 41 aka ba shi miliyan 2.5 don ya fasa tafiya jami'a. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu. Correa ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a 2015, McCullers kuma shi ya fara jifa a wasa na bakwai, wato na ƙarshe a karawar World Series, da aka ɗauki kofi a 2017.

A 2013 suka ɗauki Mark Appel, mai jifa daga jami'ar Stanford, wanda kusan kowa ya ce ya nuna, sai ci kawai. Bai taɓa buga wa babban kulob ɗin Houston ko wasa ɗaya ba. An bayar da shi ga Philadelphia a ƙarshen 2015, kuma sai 2022 ya samu ya leƙa babbar gasa. Wanda aka ɗauka a bayansa, Kris Bryant, shi ne ya zama gwarzon ɗan wasa a 2016 tare da Chicago Cubs. A 2014 kuma Brady Aiken suka zaɓa, likitoci suka duba gwiwar hannunsa suka ga abin da bai kwanta musu ba, aka rage tayin kuɗi, ciniki ya watse. Diyyar da aka ba su ita ce gurbi na biyu a 2015, da shi suka ɗauki Alex Bregman, suka ƙara da Kyle Tucker a gurbi na biyar. To kun gani, cikin zaɓin farko guda uku, ɗaya ne ya yi amfani kai tsaye. Shekara guda cur ta kunya, kashi sama da ɗari, sakamakonta yaro ɗaya ne, shi ma ba tabbas.

Yanzu ga tsanin da yaro yake hawa. Tun 2021 kowane babban kulob yana da ƙananan kulob huɗu, jimilla 120. Daga ƙasa akwai Single-A, sai High-A, sai Double-A, sai Triple-A. Na Houston suna garuruwan Fayetteville da Asheville da Corpus Christi da Sugar Land. A ƙarƙashinsu akwai sansanonin horo na Florida da Arizona, da gasar bazara ta Jamhuriyar Dominika, inda yaran Latin Amurka da aka ɗauka tun suna shekara 16 suke farawa. Yaron da ya fito daga sakandare yakan yi shekara huɗu zuwa biyar a wannan tsani, ɗan jami'a kuma biyu zuwa uku, mafi yawansu kuwa a hanya suke tsayawa.

Masu farautar 'yan wasa suna ba da maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan babbar gasa. Abu biyar suke aunawa ga mai bugu: iya haɗa sanda da ƙwallo, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili, da ƙarfin damtse wajen jifa. Huɗu daga ciki ido yana gani da rana tsaka. Na farkon ne mai wuyar hange, kuma shi ke kashe yara.

Bari in kusanto da ku. Tsakanin mai jifa da mai bugu mita 18.44 ne. Ƙwallon da aka jefo da gudun kilomita 153 a awa tana isowa cikin kusan kashi huɗu bisa goma na daƙiƙa, kafin ka ƙifta ido sau biyu ta wuce. A Single-A masu jifa yara ne, ƙarfi gare su amma ba saiti, sai yaro mai saurin hannu ya zauna yana jiran miƙaƙƙiyar ƙwallo yana zabga ta. Da ya isa Double-A sai ya haɗu da mai jifan da ya iya lanƙwasa. Ƙwallo ta baro hannu daidai ƙugu kamar miƙaƙƙiya, yaro ya saki sanda, ita kuwa ta nutse ta faɗi ƙasa can gefe, ya bugi iska. Sau uku haka ya koma benci. Washegari duk masu jifan gasar sun ji labari, ba wanda zai sake ba shi miƙaƙƙiya. Shi ya sa masu sana'ar ke cewa Double-A ce matatar gaskiya.

Saboda haka kada a ɗaga yaro sama don kawai alƙalumansa na bugu sun yi kyau wata guda. A duba sau nawa yake kai sanda ga ƙwallon da ke wajen yankin bugu, wato wadda ba a jefo ta daidai saitin da doka ta ƙayyade ba, sau nawa yake haƙuri har mai jifa ya kuskure saiti sau huɗu a ba shi tafiya kyauta zuwa tashar farko cikin waɗanda ake zagayawa a ci maki, sau nawa ake fitar da shi bai taɓa ƙwallo ba. A kuma duba shekarunsa. Ɗan shekara 19 da ke tsaka-tsaki a Double-A ya fi ɗan 24 da ke ragargazar Single-A daraja nesa ba kusa ba, don na biyun babba ne a cikin yara. Kulob mai shan kashi yana da jarabar gaggawa: 'yan kallo sun gudu, jaridu na zagi, sai a jawo yaro da wuri don a nuna ana aiki. In ya sha wuya ya fara canja tsayuwarsa da riƙon sandarsa kowane mako, gyaransa ya fi renonsa wahala.

Masu jifa kuwa matsalarsu jiki ne. Akwai jijiya a cikin gwiwar hannu da ke ɗaukar nauyin kowane jifa. In ta tsinke sai tiyatar da ake kira Tommy John, sunan ɗan wasan da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974, kuma jinya wata 12 zuwa 18 ce. Don haka ake ƙirga jifan yaro a kowane wasa, ana ƙara masa lodi kaɗan-kaɗan shekara bayan shekara. Astros ta gwada haɗa masu jifa biyu-biyu a ƙananan kulob, ɗaya ya fara ɗaya ya ƙarasa, wasa na gaba su yi musanya. Amfaninsa shi ne mutum takwas suna samun gwaji maimakon biyar. Wasu yaran ba su ji daɗinsa ba, don ya rikita musu tsarin hutun da suka saba. Shawarar da ta fi kowace inganci a nan tsohuwa ce: in kana buƙatar masu jifa biyar, tara goma sha biyar.

To ina Astros ta samo sauran mutanenta? José Altuve, gwarzon ɗan wasa na 2017, gajere ne ɗan Venezuela da aka ɗauka a 2007 kan dala 15,000. Dallas Keuchel a zagaye na bakwai aka ɗauke shi a 2009, ya ci kyautar gwarzon mai jifa a 2015. George Springer zaɓin 2011 ne. Dukkansu ukun Luhnow gadonsu ya yi. Framber Valdez da Cristian Javier, waɗanda suka riƙe jifa lokacin kofi na biyu a 2022, dala 10,000 kowannensu aka ba shi, Valdez ma ya kai shekara 21, shekarun da a Dominika ake ganin yaro ya tsufa. Collin McHugh kulob biyu sun gwada shi sun haƙura. Astros ta lura ƙwallonsa mai lanƙwasa tana juyawa da sauri fiye da ta yawancin mutane, aka ce ya yawaita ta, ya riƙa jefa miƙaƙƙiyar sama-sama. A 2015 ya ci wasa 19. Babu ɗaya cikin waɗannan da sai an sha kashi 111 kafin a same shi.

Sun kuma yi ɓarna, kuma ɓarnar ta fi koyarwa. A watan Maris na 2014 suka sallami J.D. Martinez kyauta. Mutumin ya shafe hutun kaka yana sake fasalin bugunsa gaba ɗaya, amma alƙaluman da ke cikin kwamfutarsu na tsohon Martinez ne, kuma ba a ba shi isasshiyar dama a wasannin share fage ba balle a ga sabon. Detroit ta ɗauke shi, ya fitar da ƙwallo bayan katanga, bugun da ke ba da maki kai tsaye, sau 38 a 2015, sau 45 a 2017. Kwamfuta jiya take gaya maka. Dole kocin da ke tsaye kusa da yaro kullum ya zama ana jin maganarsa a ofis.

Akwai kuma lissafin gurabe da ke cin kulob in ya yi sakaci. Babban kulob mutum 26 yake fita da su, amma yana da rajistar mutum 40. Yaron da aka ɗauka yana ɗan shekara 18 ko ƙasa, bayan kaka biyar dole a sa shi a rajistar nan, in ya kai 19 kuma bayan huɗu, in ba haka ba wani kulob zai iya ɗauke shi a zaɓen da ake kira Rule 5. Ta wannan ƙofar Astros ta yi asarar Johan Santana a 1999, ya je Minnesota ya zama gwarzon mai jifa sau biyu. In ka tara yara da yawa lokaci ɗaya, wa'adinsu ma lokaci ɗaya zai cika, sai ka yanke hukunci da wuri kan wa za a riƙe, wa za a sayar. Kwana 172 a babban kulob shi ne shekara ɗaya ta aiki, kuma bayan shekara shida ɗan wasa ya 'yantu ya tafi inda ya ga dama. Ke nan daga ranar da taurarinka suka hau, agogo ya fara bugawa. A nan ne ake juya kasuwa, mai sayarwa ya koma mai saye. Ranar 31 ga Agusta 2017 Astros ta ba da yara uku ta karɓo Justin Verlander daga Detroit.

Ba zan sauka ba sai na faɗi abin da ya ɓata wannan tarihi. Bincike ya tabbatar a 2017 sun yi amfani da kyamara suna satar alamun da mai tare ƙwallo na abokan hamayya ke yi wa mai jifarsu kan irin ƙwallon da zai jefo, suna buga garwar shara don sanar da mai bugu abin da ke tafe. A Janairun 2020 aka dakatar da Luhnow da koci A.J. Hinch shekara guda, Crane ya kore su, aka ci kulob tarar dala miliyan 5, aka ƙwace zaɓinsu na zagayen farko da na biyu a 2020 da 2021. Duk da rashin waɗannan gurabe sun ɗauki kofi a 2022, da yaran da suka rena.

Wanda zai kwaikwayi hanyar nan yau ya sani dokoki sun canja. Mike Elias, mataimakin Luhnow, ya maimaita ta a Baltimore: kashi 110 a 2021, nasara 101 a 2023. Amma tun yarjejeniyar 2022 gurabe shida na farko ƙuri'a ake jefawa a kansu, zama na ƙarshe ba ya ba ka zaɓin farko kai tsaye. Zagayen diraf ya ragu daga 40 zuwa 20. 'Yan ƙananan kulob kuma sun kafa ƙungiyar ƙwadago, kulob ne ke ba su masauki, mafi ƙarancin albashin Triple-A ya tashi daga dala 17,500 zuwa 35,800 a 2023.

Na ga shugaban zama yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙo masa makirfo.