Amsoshin Tambayoyinku: Albashi ko Shagon Kai?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kamar an haɗa baki, kusan duk a kan magana ɗaya suke, sai na zaɓo uku.

Ta farko daga wani matashi ne a Zariya. Ya ce: "Malam, wata biyu ke nan da na gama hidimar ƙasa. Tun ina jami'a nake zane da kwamfuta, fosta, katin biki, tambarin shaguna. Yanzu wata maɗaba'a a Kaduna za ta ɗauke ni a kan naira dubu 90 a wata. Abokaina sun ce kada in yarda in zama yaron wani, in buɗe nawa. Ina da kwamfuta da naira dubu 400 da na tara. Ina mafita?"

To ƙanena, kafin komai ka tambayi abokan nan naka, a cikinsu wane ne ya taɓa biyan hayar shago daga aljihunsa.

Ba zan yaudare ka ba, dubu 90 ba kuɗi ba ne a Kaduna ta yau. Mafi ƙarancin albashi tun watan Yulin 2024 dubu 70 ne, alawus ɗin masu hidimar ƙasa kuma dubu 77, kenan abin da aka ƙara maka bai taka kara ya karya ba. Kuɗin mota da ɗaki za su cinye fiye da rabi. Duk da haka ni dai na ce ka karɓa, kuma ga dalilina.

Kafin in zo gidan rediyo na yi shekara huɗu a wata maɗaba'a. Ranar da na fara ina ganin babu wanda ya kai ni iya zane. Sati na biyu na tura aikin wani shago, shuɗi mai kyau a fuskar kwamfuta, da ya fito daga inji sai ga shi ya koma kamar ruwan bunu, don launin allo daban, na tawada daban. Wata rana kuma harafi ɗaya na sauya a sunan amarya, kati 500 aka zubar. Maigida ya yi faɗa, ya yi faɗa, har na ce yau zan kwana a gidanmu. Amma takardar da tawadar shi ya saya, ba ni ba. Wannan ita ce makarantar da ake biyanka kana koyo. A can za ka san nawa ake sayen rim ɗin takarda, nawa ke lalacewa kafin inji ya daidaita, wane dila ne ke ba da kaya bashi, da yadda ake cewa mutum ya ba da kafin alƙalami ba tare da ya ji an wulaƙanta shi ba. A can na koyi cewa fostar ɗan siyasa ba a taɓa ta sai an karɓi kuɗi cif, domin in ya faɗi zaɓe wayarsa a kashe take har damina ta zagayo.

Yanzu mu ƙirga dubu 400 ɗinka. Hayar shekara, janareta, tebur da kujeru, allon ƙofar shago. Fetur kuwa tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda yake. Injin bugawa daga waje ake shigo da shi, farashinsa dala yake bi. Kuɗin za su ƙare kafin ka ga kwastoma na goma. Sannan sana'ar nan tana da kaka da rani: gab da azumi da bayan an kawar da amfanin gona katin biki ba ka iya ɗaga kai, a tsakani kuwa sai ka wuni kana korar ƙuda. Kwastomominka na farko kuma dangi ne da abokai, masu cewa "ɗan zana min mana, ai ba wani abu ba ne." Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ƙanena.

Abin da ba na so shi ne ka shiga ka miƙe ƙafa. Ka sa wa kanka wa'adi, shekara biyu. Ka nemi takardar ɗaukar aiki a rubuce. In ma'aikatan wurin sun kai 15, dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga albashinka, maigida ya ƙara kashi 10, ka tambaya tun yanzu. Ayyukan da kake yi da dare a ɗakinka, da kwamfutarka, ka ci gaba, amma ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowace naira. Ka yi wa sunan sana'arka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe mata asusun banki daban da na cefane. Ranar da ka ga wata uku a jere kuɗin da ke shigowa daga mutanen da ba su san gidanku ba sun wuce albashinka, ka je ka yi wa maigida sallama ta mutunci. Kada ka fita da faɗa, wurinsa za ka riƙa kawo bugu.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Gusau. Ta ce ɗinki take yi, keke uku, 'yan mata biyu suna yi mata aiki, kuma tun goma ga azumi take daina karɓar ɗinkin Sallah. Sai ga mahaifinta ya samo mata aikin koyarwa na gwamnati, ya ce ɗinki ba aiki ba ne.

'Yar uwa, ke amsarki ba irin ta ɗan Zariya ba ce. Shi yana mafarkin shago, ke kina biyan mutum biyu. Kuma ki sani, kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa, noma kaɗai aka keɓe. Na san da yawa suna yi a ɓoye, amma ba a rediyo zan ce ki bi su ba.

Baba kuwa ba raina ki ya yi ba, tsufanki yake hango miki. Kada ki yi musu da shi. Ki tattara lissafin shekara guda, har da watannin bayan Babbar Sallah da keke ke hutawa, ki roƙi gwaggonki ta raka ki, ki ajiye masa littafin a gabansa. Ki faɗa masa tun 2019 PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar hannu, kuma za ki shiga. In kuwa kin zauna yin lissafin kin tarar ribar ba ta kai albashin ba, to Baba ya fi ki gani, ki saurare shi.

Ta ƙarshe gajera ce, daga Kano. Wani yaron mai ɗaukar hoto ya ce ranar Lahadi yakan ɗauki kyamarar maigidansa ya yi bikin da ya samo da kansa, ko akwai laifi?

Akwai, tunda da babu laifi da ba ni ka rubuto wa ba, da shi ka tambaya. Ka je ka same shi, ku yi yarjejeniya, ko haya ko kaso. Kyamara tana faɗuwa a wurin kamu, ka yi tunanin me za ka ce masa ranar Litinin.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya a kan rancen Bankin Masana'antu, wasiƙarka tana hannuna, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.